Kawowa kyauta: wa zai ɗauko kayan naka, wa kuma za ka riƙe idan sun ɓata?

Rubutun yakan zo ne a ƙarƙashin farashi, sau da yawa da koren launi: kawowa kyauta. Mai saye ya gani, ransa ya yi fari, ya danna ya biya. Abin da bai tsaya ya duba ba shi ne sunan wanda zai ɗauko kayan. Cinikin intanet dama cinikin biri a sama ne, kuma a irin wannan ciniki sunan mai ɗauko kaya ya fi kyan hoto amfani. Daga sito a Shenzhen ko Ikeja zuwa ƙofar gida a Kano, Gusau ko Azare, fakiti ɗaya yana ratsa hannu huɗu ko biyar, kuma yawancin ɓatan kaya a wajen miƙawa daga hannu zuwa hannu yake faruwa.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Jirgi yana shan mai, tirela tana sha, mai babur ɗin da zai buga maka waya shi ma da iyali a gida, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ba wanda ya ƙara ganin sufuri da araha a Najeriya. To wa ya biya? Ko dai an cusa kuɗin a cikin farashin kayan, ko an gindaya maka cewa sai sayayyarka ta kai wani adadi, ka ƙara tarkacen da ba ka tashi saye ba don ka cike, ko kuma mai sayarwa ya biya daga ribarsa. Wannan na ukun shi ne mai haɗari, domin wanda zai biya daga aljihunsa hanya mafi araha zai nema, ba mafi aminci ba. Gwada wannan cikin sauƙi: nemi kaya iri ɗaya a wajen masu sayarwa biyu, mai kyauta da mai cajin kuɗin kawowa, ka haɗa jimillar kowanne. Sau da yawa tazarar ba ta taka kara ta karya ba, wani lokacin ma mai cajin ya fi sauƙi, ga shi kuma ya ambaci kamfanin da zai ɗauko.

Akwai abin da ya fi kuɗin ciwo. Kamfanin jigila da wanda ya biya shi yake da yarjejeniya. Idan kawowa kyauta ce, kai ba abokin cinikinsa ba ne, adireshi ne kawai a jikin takarda. Ranar da kaya suka ɓata, ka je ofishinsu ka yi ta bayani, amsar da za ka samu ita ce wanda ya aiko ne zai shigar da ƙorafi. Ba wulaƙanci ba ne, haka tsarin yake. Wanda ya aiko kuwa yana can wata ƙasa, kuɗinsa na hanya, ba abin da ke damunsa.

Hanyar China

A nan kalmar kyauta ta fi yawa, a dandalan sayayya na intanet irin su AliExpress da kuma Temu, wanda ya shigo kasuwar Najeriya a ƙarshen 2024. Ga yadda ƙaramin fakiti ke tafiya. Mai sayarwa ya ƙirƙiri lambar bin diddigi, ya kai kayan wurin tattarawa. A AliExpress galibi Cainiao ne ke wannan aiki, reshen jigila na kamfanin Alibaba. A can za a haɗa fakitinka da ɗaruruwan wasu cikin buhu, a jira gurbi a jirgi, a sauke a Legas, Kwastan su duba, sannan a miƙa wa kamfanin cikin gida ya hau titi da su zuwa Arewa, tafiyar kilomita wajen dubu. Kayan da aka biya wa kuɗi kaɗan su ne na ƙarshe a layin jirgi. Shi ya sa za ka ga lamba ta tsaya cak kwana goma a wuri ɗaya: ba ɓata suka yi ba, gurbi suke jira.

Fitar lamba ba ita ce tashin kaya ba. Mai sayarwa yana iya buga takardar aikowa yau don kada wa'adin da dandalin ya ba shi ya cika, kayan kuwa ba su ma iso shagonsa ba. Idan kwana biyar zuwa bakwai suka wuce ba a nuna cewa kamfanin jigila ya karɓa ba, rubuta masa ta cikin manhajar, ba ta WhatsApp ba, domin abin da aka rubuta a cikin manhaja ne kawai masu sasanci za su ɗauka a matsayin shaida.

Lambar kanta tana magana ga wanda ya iya karanta ta. Duk wadda ta fito da haruffa biyu, lambobi tara, sannan haruffa biyu na ƙasa kamar CN, ta gidan waya ce bisa tsarin Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, kuma a nan gida NIPOST, hukumar gidan waya ta Najeriya, ce za ta karɓe ta. Harafin farko shi ne sirrin. Mai farawa da E ta EMS ce, mai sauri. R rajista ce, sai an sa hannu. C babban fakiti ne. Mai farawa da U kuwa ba ta da cikakkiyar bibiya, yawanci da ta bar China shi ke nan, sai dai ka yi ta jira. Kaya masu daraja bai kamata su hau wannan ba ko da kyauta ne.

NIPOST tana da abin da sauran ba su da shi: ta kai garuruwan da kamfanoni masu zaman kansu ba su da ko allo. Rauninta shi ne ƙaramin fakiti ba kasafai yake zuwa gida ba. Kai za ka je gidan waya da katin shaida da lambarka, ka biya ɗan kuɗin karɓa, ka nemi rasit. Wanda ya zauna jiran a kira shi yakan daɗe. Da zarar bibiya ta nuna kayan sun shigo ƙasa sun bar Legas, kai ƙafa da kanka.

Kamfanoni masu zaman kansu irin su Speedaf, da ke karɓar irin waɗannan fakitoci, sun rage jira sosai, kuma bibiyarsu tana ci gaba har cikin gari. A manyan birane aikin ya fi tafiya daidai. Da ka fita zuwa ƙananan hukumomi abin sai ya sirance, kawowa har gida ta koma zo ka karɓa a ofis, ofishin kuma yana babban birnin jiha. Wanda ke Birnin Gwari ko Gumel ya sa kuɗin motar zuwa da dawowa cikin lissafin kyautar tun kafin ya biya.

Mu daɗe kaɗan a kan adireshi, domin kaso mai yawa na laifin da ake ɗora wa masu kawo kaya daga nan yake tasowa. Mai babur yana fita da fakiti masu yawa, kuma a kan wanda ya miƙa ake lissafa masa aiki. Ba zai ɓata rabin awa yana neman gida a lungun da ba lamba ba. Waya zai buga. Bai samu ba, ya rubuta cewa ba a sami mai kaya ba, ya wuce. Aka yi haka sau biyu ko uku, fakitin ya koma sito, daga nan kuma sai abin da hali ya yi. Don haka lambar wayarka ita ce ainihin adireshinka. Bayan +234 a cire sifirin farko, a rubuta lambobi goma da suka rage. A sa layin da ke kunne kullum, kuma a makon da ake jiran kaya a riƙa ɗaga baƙuwar lamba. Matan aure da ba sa ɗaga lambar da ba su sani ba gara su sa ta maigida ko ta wani ɗan gida da aka sanar da shi. A rubuta unguwa da wata alama da kowa ya sani, masallacin Juma'a, makaranta, gidan mai. A kuma bar haruffa masu lanƙwasa a wannan wuri kawai, a rubuta Kofar Ruwa da k na boko, domin injin buga takarda a China yana iya mayar da ƙ ko ɗ alamar tambaya. Lambar gidan waya ta Najeriya shida ce, ta babban gidan waya na Kano 700001, ta Kaduna 800001. Kada a cike gurbin da sifiri.

Sai agogon kariya. Kowace oda tana da ranar da idan ta wuce dandalin zai ɗauka kaya sun iso, ya saki kuɗi ga mai sayarwa. Ranar tana nan rubuce a shafin odar. Kawowa mai araha tana cin lokaci, lokacin kuma daga cikin wannan wa'adin yake fita. Mai sayarwa zai ce ka ƙara haƙuri, kaya na hanya, ko ya ce ka janye ƙorafi zai sake aiko wani. Kada ka janye. Buɗe ƙorafi kafin wa'adi ya cika, ka bar shi a buɗe har kaya ko kuɗi su zo hannu. Kada kuma ka danna cewa ka karɓa alhali ba ka riƙe kayan ba, ko wa ya roƙe ka. Haka lambar sirri da ake turo wa mai kaya ta saƙon waya: ba a karanta wa mai babur ita ta waya, sai fakiti yana hannunka. Da ka faɗe ta, a wajen kamfani an gama.

Mafi wuyar ƙorafi shi ne wanda bibiya ta nuna an miƙa, kai kuwa ba ka ga komai ba. A nan dandalin ya fi gaskata na'ura. Tafi ofishin kamfanin a ranar, ka nemi su nuna maka sunan wanda ya karɓa da lokacin, in kuma sun yarda ba a miƙa ba, su ba ka a rubuce. Wannan takardar ce za ta ci maka shari'a.

Ranar da kaya suka iso, kafin ka yage leda kunna bidiyo. Nuna takardar da ke jiki yadda lamba za ta karantu, juya fakitin ta kowane ɓangare, sannan ka buɗe ba tare da yanke ɗauka ba. Dubi nauyin da aka rubuta a takardar. Idan an sa giram 80 a kan abin da ya kamata ya kai rabin kilo, tun daga can aka aiko wani abu daban, kuma wannan shaida ce mai ƙarfi. Oda ɗaya kuma tana iya rabuwa gida uku, kowanne da lambarsa, don haka a duba kafin a yi kukan an rage kaya.

Lokaci ma yana da nasa. Hutun sabuwar shekarar China, da ke faɗowa a ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu, yana tsayar da masana'antu da masu jigila. Makon farko na Oktoba hutu ne a can. Rangwamen 11 ga Nuwamba kuwa yana cika sito da jirage har cikin Disamba. Mai son kayan Sallah ko na biki ta hanyar kyauta ya ba da tazarar wata biyu. Abin da ke da batir shi ma daban ne: tun Afrilun 2016 an hana ɗaukar batiran litiyom zalla a matsayin kaya a jiragen fasinja, shi ya sa fawa bank da batirin waya ke bin hanya ta musamman mai jinkiri, wani lokacin a mayar wa mai sayarwa su tun daga filin jirgi.

Masu tsada

DHL da takwarorinsa FedEx da UPS su ne ƙarshe wajen sanin inda kaya suke. Hannu ɗaya ne ke riƙe da fakiti daga farko har ƙarshe, kuma tafiyar ta kwanaki ce, ba ta makonni ba. Abubuwa uku ne ke ba mutane mamaki. Na farko nauyin girma. Ana ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, a raba da 5000, a kwatanta da nauyin sikeli, a caji wanda ya fi yawa. Kwali mai 50 da 40 da 30, ko da matasan kai ne a ciki masu kilo 3, kuɗin kilo 12 za a biya. Na biyu haraji. Kawowa kyauta ba ta nufin an biya Kwastan. Idan mai sayarwa bai rubuta DDP ba, wato ya ɗauki nauyin harajin, kai za a turo wa takardar biya kafin a saki kaya, har da harajin VAT na kashi 7.5 da ladan kamfanin na biya a madadinka. Tun Satumban 2025 Kwastan ta yafe haraji a kan ƙananan kayan da ba su wuce dala 300 ba, sau huɗu a shekara, amma abin da ya haura haka ko aka haramta shigo da shi bai shiga ba.

Na uku shi ne diyya, kuma shi aka fi jahilta. A ƙa'idar jigilar sama ta duniya, diyyar kayan da suka ɓata a kan nauyi ake lissafa ta, kusan dala 35 a kowane kilo. Wayar da ka saya dala 600, da kwalinta ba ta kai rabin kilo ba. Yi lissafin da kanka. Abu mai tsada mara nauyi, waya, agogo, kayan gyaran kwamfuta, sai an bayyana ainihin darajarsa an biya inshora. Wanda ya roƙi mai sayarwa ya rage farashi a takarda don gudun Kwastan, ya sani ya rage wa kansa diyya ne.

Cikin gida

Jumia, wanda ya fara aiki a Legas a 2012, ya fi dacewa da mai tsoron asara, musamman inda ake iya biya bayan an kawo. Karɓa a wurin ajiyarsu ya fi kawowa gida araha, kuma ya kawar da matsalar adireshi gaba ɗaya, sai dai kwanakin ajiya ƙidayayyu ne. A lura da kayan da aka rubuta daga ƙasar waje za su taso, waɗannan sai an biya tukuna, kuma jiransu irin na China ne. GIG Logistics da ire-irensa suna ba da rasit da lambar bibiya tsakanin jihohi, suna tambayar darajar kaya. A faɗi gaskiya a nan, domin da abin da ka faɗa za a yi maka hukunci.

Amma yawancin cinikin intanet a Arewa ba ta waɗannan yake bi ba. Mai atamfa a Kantin Kwari, mai turaren wuta a Maiduguri, mai waya a Farm Centre, duk a WhatsApp da Instagram da TikTok suke ciniki, kayan kuma tasha ake kaiwa a ba direba saƙo. Wajen sauri ba mai kamo wannan hanya. Saƙon da ya bar Unguwa Uku a Kano da safe yana Kawo a Kaduna kafin la'asar. Sai dai ba lamba, ba inshora, amana ce zalla. Kuma idan mai sayarwa ya ce kawowa kyauta, a tambaye shi ƙarara: kyauta zuwa ina? Sau da yawa nufinsa ya kai tasha ya biya direba, daga tashar garinku zuwa gida naka ne. Wani ma rabi ya biya, sai direba ya ce sai ka cika kafin ya buɗe but.

Abin da ke lalata saƙo a mota sananne ne. Ana danne shi a ƙarƙashin buhu, kwalbar humra ta fashe. Ana ajiye shi kusa da jarkar fetur, shadda ta kwashi wari. Da damina a ɗaure shi a saman mota ba tare da leda ba. Mota ta lalace a hanya, a juye fasinja zuwa wata, saƙon ya kwana a tsohuwar. Ko direba ya iso da dare, ya bar wa wani ɗan kamasho, gobe a rasa wanda ya karɓa. Maganin yawancin wannan yana hannun mai aikowa. Yadi a sa shi cikin leda biyu kafin a naɗe da salatif. Kwalba a ɗaure murfinta, a naɗe kowace daban, a sa cikin kwali mai ƙarfi yadda idan an girgiza ba za a ji motsi ba. A rubuta suna da lambar mai karɓa a ɓangarori biyu da alƙalami mai kauri. A bi ta ofishin ƙungiyar direbobi a cikin tasha, inda ake rubuta saƙo a littafi, maimakon tare mota a bakin titi. Mai saye kuma ya nemi abu huɗu kafin mota ta tashi: lambar direba, lambar mota, hoton saƙon a hannun direban, da tabbacin nawa aka biya. Mai sayarwar da ya ƙi turo waɗannan, akwai dalili.

Irin wannan ciniki ba shi da agogon kariya, tiransifa kake yi kai tsaye. Wanda ba ka taɓa ciniki da shi ba, fara da ƙaramin abu, ko ku yi rabi yanzu rabi in kaya sun iso. Idan rigima ta haɗa ka da kamfani mai rajista, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tana karɓar ƙorafi ƙarƙashin dokar 2018, kuma rasit da hotunan hira su za ta fara tambaya. A yi hattara kuma da saƙon waya mai cewa an riƙe fakitinka, ka shiga wani shafi ka biya ɗan kuɗi. Lambobin katinka suke nema. Duk wani caji na gaskiya za ka gan shi a manhajar da ka yi oda ko a ofishin kamfanin.

A ganinmu kawowa kyauta ta yi daidai ga abu ƙarami, mara fashewa, wanda ba a gaggawarsa, wanda kuma ɓatansa ba zai hana ka barci ba: rigar wayar hannu ta roba, igiyar caji, zare da maɓallai, ƙananan kayan kicin. A irin waɗannan hanyar China ta kamfanoni masu zaman kansu tana biyan buƙata, muddin kana babban gari kuma wayarka na kunne. Waya, kwamfuta, injin ɗinki, kayan lefe, jarin shago, duk wani abin da ke da rana tsayayya, a biya kuɗin kawowa a zaɓi kamfani da suna. A AliExpress zaɓin yana nan a shafin kayan, inda aka rubuta hanyar aikowa. Danna wurin kafin ka biya, sau da yawa za ka ga hanya fiye da ɗaya, kowace da kuɗinta da kwanakinta da bayanin ko ana iya bibiyarta. Idan kaya masu tsada ne kuma hanya ɗaya tak aka bayar, mara bibiya, nemi wani mai sayarwar.